Malam Edita, kallo ba zai maye gurbin karatu ba

Assalamu alaikum, Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Rubutun nan naku na ranar Asabar ya ɓata mini rai, musamman inda marubucin ya ce wai duk wanda ya kalli shirin Things Fall Apart na gidan talabijin na NTA ya huta da karanta littafin Chinua Achebe da aka ɗauko shirin daga cikinsa. Haba! Wa ya gaya masa?

Ba raina shirin nake yi ba. A 1987 ina cikin yaran da ke cika tsakar gidan maƙwabcinmu, a kan tabarma, gaban talabijin mai baƙi da fari, kuma har gobe in ɗan wasa Pete Edochie ya zaro ido a matsayin Okonkwo, jarumin labarin, sai gabana ya faɗi. Amma ni malamin adabi ne a sakandare, a kaina irin wannan magana take ƙarewa. Ɗalibaina tuni suka gano shirin a YouTube. Na tambaye su me ya sa Okonkwo ya sare Ikemefuna, yaron da ke kiransa baba, alhali tsoho Ezeudu ya tako har gida ya ja masa kunne kada ya sa hannu. Kusan duk ajin suka ce, "Mugu ne kawai, Malam." Wani ma shafi guda ya cika mini da kirarin Ebubedike, laƙabin Okonkwo a shirin. 'Yan tsirarun da suka buɗe littafin su kaɗai suka gane tsoro ne ya ingiza shi, tsoron kada a ce shi ma rago ne irin ubansa Unoka, mai busa sarewa da ya mutu da bashi a wuya. Chinua Achebe ya faɗi wannan ƙarara tun farkon littafin. Su kuwa masu kallo adda suka gani, da faɗuwar yaro, shi ke nan.

Littafin nan na 1958 babi 25 ne, gajeru gajeru. Yaron da ya iya zama ya cinye kashi 13 na fim, me zai hana shi karantawa in ba lalaci ba? Ga shi kun ba su hujja. Ranar Litinin da safe wata ɗaliba ta karanto mini rubutun naku a gaban aji, tana murmushi, sauran na tafi. Don Allah ku sa marubucin ya dawo ya gyara maganarsa.

Af, sannan tallace-tallacen da ke faɗowa a shafinku na intanet sun yi yawa. Kafin mutum ya kai ƙarshen labari ɗaya, datarsa ta tafi. Ku duba mana.

Naku,
wani malamin adabi daga Zariya