Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa

Mai girma Minista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto maka ne a matsayina na tsohon malamin firamare da ya yi shekara 35 yana riƙe da alli a ƙauyukan Arewa maso Yamma. Tun da ka gabatar wa Majalisar Ilimi ta Ƙasa shawarar komawa tsarin 12-4 a watan Fabrairun 2025, wato yaro ya yi shekara 12 a jere ba tare da an raba ƙaramar sakandare da babba ba, maganar take cin raina. Na ji daga baya ma'aikatarka ta ce shawara ce, ba a zartar ba. To tunda shawara ce, ga tawa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni ɗan UPE ne, wato shirin firamare kyauta ga kowa. A 1976 mai unguwa ya kama hannuna ya kai ni aji ɗaya, lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Na yi shekara biyar a kwalejin horon malamai, na fara koyarwa a 1987. A kan idona tsarin 6-3-3-4 ya kankama, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, aka ce mana daga ƙaramar sakandare yaro zai fito da sana'a a hannunsa. Na ga akwatunan injunan koyon sana'a da aka sayo daga ƙasashen waje a wata sakandare kusa da mu, jibge a sito, ba wuta, ba malamin da ya san yadda ake kunna su, har gara ta cinye katakon. A kan idona kuma Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, dokarta ta fito a 2004, aka ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas ne. Ban taɓa ƙin ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare ba. Amma duk lokacin da aka sauya lambobi a Abuja, washegari nakan buɗe ƙofar aji in tarar da yaran jiya a zaune a ƙasa.

Ranka ya daɗe, inda yaranmu suke zubewa ya riga aji ukun ƙaramar sakandare. Tsakanin aji shida da aji ɗayan sakandare suke ɓacewa. A makarantar ƙarshe da na yi hedimasta, ƙaramar sakandare mafi kusa da mu tafiyar fiye da awa ɗaya ce a ƙafa, kuma da damina sai an tsallake rafi. Akwai wata yarinya da ba na mantawa. Ita ce ke karanta wa sauran abin da ke kan allo in malami bai zo ba, kuma rubutunta ya fi na wasu daga cikinmu kyau. Da ta gama aji shida na je wurin mahaifinta har sau uku. A zuwa na ƙarshe ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya ce, "Malam, ba boko nake ƙi ba. Ka kawo makarantar nan garin, gobe in kai ta da kaina. Amma ba zan saki 'ya mace ta bi daji safe da yamma ba." Na rasa abin da zan ce masa, domin ni ma da 'yata ce haka zan yi. Doka ta yi wa yarinyar nan alkawarin shekara tara, ta samu shida. In aka mayar da alkawarin shekara goma sha biyu alhali rafin yana nan, shidan dai za ta samu.

Sai maganar malami, wadda ita ce ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Malamin firamare a Nijeriya yana da iyayen gida uku, amma ran da ya shiga uku ba ya da ko ɗaya. Hukumar NERDC ta tarayya ce ke tsara manhajar da zai koyar, TRCN ce ke yi masa rajista. Hukumar SUBEB ta jiha ce ke kula da ɗaukarsa aiki da ƙarin girmansa. Albashinsa kuwa daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa. In aka yi masa ƙarin girma a takarda kuɗin bai biyo baya ba, ya je ofishin sakataren ilimi a ce jiha ce, ya je jiha a ce ƙaramar hukuma ce. Ni da kaina na yi shekara huɗu da takardar ƙarin girma a cikin jaka ina karɓar tsohon albashi.

Mun san wannan rami domin mun taɓa faɗawa. A 1988 aka kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa, albashi ya daidaita. A 1991 aka rushe ta aka miƙa mu ga ƙananan hukumomi, muka yi watanni ba ko kwabo, abokan aikina da yawa suka koma gona da cin kasuwar ƙauye, wasu ba su ƙara dawowa ba. Sai a 1993 aka maido da hukumar. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, tsofaffin malamai gabanmu ya faɗi. Ba 'yancin ƙananan hukumomi muke ƙi ba. Muna so ne a killace albashin malami tun daga tushe, yadda ba mai iya taɓa shi. Ka ga dai a ƙarƙashin hancinka, a Babban Birnin Tarayya, malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. In haka ta faru a Abuja, ka auna yadda take a garin da ko ɗan jarida ba ya zuwa.

A Ranar Malamai ta Duniya ta 2020 an yi alkawarin tsarin albashi na musamman da alawus ga masu koyarwa a karkara. Ƙarin shekarun ritaya zuwa 65 ya zama doka a 2022, mun gode. Albashin kuwa, waɗanda na bari a aji har yau suna zuba ido. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Na sha kiran rajistar da ta haura ɗari a aji guda, kafin ka kai sunan ƙarshe rabin darasi ya tafi. Ana yawan cewa malamai ba su da inganci, kuma ban musa cewa akwai bara-gurbi a cikinmu ba, musamman waɗanda aka cusa ta hanyar siyasa. Sai dai ka tambayi ɗaliban kwalejojin ilimi nawa ne suka zaɓi karatun NCE, wato takardar shaidar koyarwa, da son ransu, nawa ne suka zo don sun rasa gurbin jami'a.

Na san za a ce ilimin firamare ba a hannunka yake ba. Amma UBEC, hukumar tarayya mai kula da shirin UBE, tana ƙarƙashin ma'aikatarka, kuma ita ke riƙe da kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da doka ta ware, wanda jiha ba ta samun kason gine-gine a cikinsa sai ta ajiye daidai abin da za ta karɓa. Wannan igiya ce a hannunka. Ina roƙonka ka sa sharaɗi cewa jihar da malamanta ke binta albashi ko ƙarin girma ta nuna yadda za ta biya kafin ta karɓa. Ka kuma sa a fara da gina ajujuwa uku na ƙaramar sakandare a harabar firamaren ƙauyukan da ke nesa, a tura musu malamai da alawus ɗin karkara, kafin a sake fentin makarantun bakin titi.

In za ka zo duba makarantu a yankinmu, ka zo ba sanarwa, ranar Litinin da hantsi, cikin watan Satumba in ruwa ya sauka kuma ɗalibai sun koma. Zan raka ka mu taka daga ƙofar firamaren nan zuwa bakin rafin.

Allah Ya yi maka jagora.

Naka,
Tsohon hedimasta mai ritaya,
daga Arewa maso Yamma.