A Mayar Wa Ɗalibai Fensirinsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili in yi magana da 'yan'uwana malaman kimiyya, musamman na nan arewacin Kamaru. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Garwa, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka daina sa yara zane. Sai a raba fotokwafin ƙwaƙwalwa da ya sha kwafi har ya yi baƙi ƙirin, yaro ya haddace sunayen Faransanci da ke bakin kibiyoyi, shi ke nan.

Irin wannan kwafe-kwafen ya taɓa ɓatar da likitoci sama da shekara 1000. Galen, likitan zamanin Rumawa, dabbobi yake feɗewa. A gindin ƙwaƙwalwar tunkiya da sa akwai wani curin ƙananan jijiyoyin jini, sai ya ɗauka ɗan Adam ma yana da shi. Aka yi ta gadon kuskuren daga littafi zuwa littafi, har Andreas Vesalius, masanin sassan jikin ɗan Adam, ma ya zana curin a 1538. Sai da ya yi ta buɗe kawunan gawa da hannunsa, sannan a babban littafinsa da aka buga a Basel a 1543 ya fito fili ya ce mutum ba shi da shi.

A 1664 Thomas Willis na Ingila ya fitar da littafinsa kan ƙwaƙwalwa, Christopher Wren, wanda daga baya ya gina cocin St Paul a Landan, shi ya yi zanen. Zoben jijiyoyin jinin gindin ƙwaƙwalwa da Wren ya zana, sunan Willis yake amsawa har gobe. Haka rabon mai zane yake.

Amma gwanina shi ne Santiago Ramón y Cajal, likita ɗan Sifaniya. Yana yaro zane yake so, ubansa ya hana, har ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalmi. A 1873 Camillo Golgi na Italiya ya gano rinin azurfa da ke baƙanta 'yan ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ƙalilan su fito fes. Rini ɗaya suka yi aiki da shi, amma Golgi ya ce ƙwaƙwalwa raga ce guda a haɗe. Cajal kuwa, da ya zauna yana bin kowane reshe da alƙalami, ya ga kowace ƙwaya zaman kanta take, taɓa juna kawai suke. Aka raba musu kyautar Nobel a 1906 suna kan musu. Gaskiya tana wurin Cajal.

Ga iyayen da ke ganin zane wasan banza ne ko al'adar Turawa: Mansur ibn Ilyas, Musulmi daga Shiraz, ya zana jijiyoyin jikin mutum da launi tun kafin a haifi Vesalius.

Ba mu da madubin ƙara girma isasshe, na sani. Amma kan rago bai gagari makaranta ba, mahautanmu suna nan a kasuwa, balle bayan Layya. A fasa shi a aji, kowa ya zana abin da idonsa ya gani, sannan a buɗe littafi a nemo inda ya saɓa da na mutum. Su kuma masu shirya jarrabawa, don Allah su ware wa zane maki mai tsoka, don yaranmu ba sa wahala a kan abin da ba maki.

Naka,
Malamin kimiyya, Garwa, Kamaru