Shirinku kan furotin ɗin ƙashi ya faɗi rabin magana

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Shirin lafiyarku na makon jiya ya ɓata mini rai, har yanzu ban huce ba. Yaya mai gabatarwa zai ce furotin ɗin da ke gina ƙashi yana kashe sankarar jini, ya tsaya nan, ya wuce talla?

Mahaifiyata tana fama da mayeloma, sankarar jinin da ke zaune cikin ɓargo tana cin ƙashi har ya karye ba tare da mutum ya faɗi ba. Tun da kuka watsa shirin 'yan uwa ke ta kirana, wai an samo magani, me muke jira. Ita da kanta ta tambaye ni ko ta dakatar da allurar da ake mata ta jira sabon. Kun san nauyin mutum ya dubi idon uwarsa ya ce mata, Mama, ba haka ba ne?

Su waɗannan furotin da ake kira BMP ba jiya aka san su ba. Tun 1965 likita Marshall Urist na Amurka ya gano abin da ke sa ƙashi ya tsiro, a 2002 kuma aka amince da amfani da ɗaya daga cikinsu, BMP-2, wajen tiyatar ƙashin baya. Gaskiya ne masu bincike a Norway sun nuna a 2001 cewa BMP-4 na kashe ƙwayoyin mayeloma, amma a ɗakin gwaji ne, cikin faranti. Babu likitan da zai rubuta wa mahaifiyata shi yau. Abin da ya fi ƙona mini rai, sankarar jini kala-kala ce. A nau'in da ake kira CML, masu bincike a Lyon ta Faransa sun tarar a 2013 cewa BMP-2 da BMP-4 sun yi yawa a ɓargon marasa lafiya suna raya tushen cutar, daga baya aka ga har taimaka mata suke wajen jure magani irin su imatinib. Mai wannan cutar ma ya ji shirinku ya yi murna!

Sannan lambar da kuke bayarwa a kira, ba a taɓa ɗauka. In ba za ku saurare mu ba, ku daina karanta ta.

Don Allah ku gayyato likitan jini ya gyara maganar, a daidai lokacin da kuka watsa ta farko.

Wassalam,
Mai sauraronku a kullum