Wasiƙa kan mujallar masu baƙaƙen riguna

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ya aiki, ya kuma kewa? Saƙonka ya iso tun makonni uku da suka wuce, ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Ba mantawa na yi ba, aikin nan da ka yi ta yi mini dariya a kansa ne ya sha mini kai. Ka tambaye ni wai me ya haɗa kifi da kaska, ni da ko rediyo aka ƙure wa murya sai na bar ɗakin, na je na karɓi tsara mujallar kiɗan heavy metal, wato kiɗan nan mai tsananin ƙarar jita da ganga. To, zauna ka sha labari.

Wasu mutum huɗu ne masu son kiɗan suka haɗa kuɗi za su riƙa fitar da mujalla duk bayan wata uku, mai shafi 64. Sun ga ayyukana a intanet suka neme ni. Na ce a raina wannan ai ba abin wahala ba ne: baƙin shafi, jan rubutu, ƙoƙon kan mutum nan da can, harshen wuta a gefe, shi ke nan. Cikin kwana biyar na tura musu samfurin bango da shafi takwas, ina ta jin kaina. Editar tasu, wata mata mai kimanin shekara hamsin, ta maido mini da amsa a layi biyu kacal. Ta ce aikin ya yi kyau, amma da gani wanda ya yi shi bai taɓa sauraron kiɗan ba. Wallahi na ji zafin maganar, don gaskiya ce.

Abin da ta zagaye da jan biro shi ne kan wata hira. Makaɗan da aka yi hirar da su masu salon doom ne, kiɗa mai nauyi da jan jiki, kamar ana jan gungumen ice a ƙasa. Ni kuwa na rubuta musu kanun da haruffa masu ƙaya-ƙaya, irin na masu black metal. A idona duk kanwar ja ce. A idon mai karatu kuwa, tamkar ka sa wa ɗan ƙwallo rigar abokan hamayya ne ka ce ai duk riga ce. Ashe kowane reshe na kiɗan da tufafinsa. Masu doom suna son launukan shekarun 1970, shunayya da ruwan lemo, da haruffa masu kumburi. Masu thrash, masu gudu kamar an biyo su, haruffansu masu kaifin kusurwa ne kamar an yanko su daga falle na ƙarfe. Masu black metal sun fi son hoto fari da baƙi, mai dishi-dishi, wanda kai da ni za mu ce ya lalace. Masu power metal kuwa sai zanen fenti, da takubba da dodanni masu fukafukai. Mai karatu yana gane inda shafi ya dosa tun kafin ya karanta kalma ɗaya, kuma idan ka yi kuskure a nan ya gama yanke maka hukunci.

Sai na ajiye linzamin kwamfuta na yi mako biyu ina karatu da sauraro. Babban kuskurena shi ne na ɗauka yara matasa masu fushi da duniya nake yi wa aiki. Akwai su, amma ka tuna faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan kiɗa, ya fito ne a Fabrairun 1970, a hannun wasu samari 'yan Birmingham ta Ingila, garin masana'antu. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, inji ya datse masa kan yatsu biyu a masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, har ya riƙa sa wa yatsun hular roba, daga baya ya sassauta tsirkiyar jitar don rage zafi, sautin ya ƙara kauri. Wanda ya sayi wancan faifan da kuɗinsa yau ya ba saba'in baya ko yana dab da ita. Ke nan mai karatuna yana iya zama ɗan shekara 16, yana iya zama kakansa mai tabarau. Abin da ya haɗa su shi ne ƙwaƙwa. Mutane ne masu son sanin wa ya buga ganga a kundi na uku, a wane ɗakin naɗar sauti aka yi aikin, wa ya zana bangon. Akwai wani rumbu a intanet, Encyclopaedia Metallum, da masoya suka kafa tun 2002, sun tattara bayanan ƙungiyoyi fiye da 100,000, kuma har gobe suna musu kan wa ya cancanci shiga. Irin wannan mutum ba kallon hoto yake yi ya wuce ba, har ɗan rubutun da ke ƙasan hoton sai ya karanta, ya kuma rubuto maka idan ka saka shekarar da ba ita ba.

Maganar tambari ita ta fi ba ni wahala, don ta ci karo da duk abin da aka koya mana. Ka tuna yadda aka riƙa nanata mana cewa tambarin da ba ya karantuwa aikin banza ne? Na buɗe babban fayil ɗin da suka turo mini, na tarar da tambura kusan talatin, rabinsu kamar an watsar da tarin ƙirare, ko saiwar bishiya da aka tuge. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi in gyara. Ashe da gangan ne. Rashin karantuwar ita ce ƙyauren gidan: wanda ke ciki ya gane, na waje ya wuce. Akwai wani ɗan Beljiyam, Christophe Szpajdel, da ya zana dubban irin waɗannan da hannu, ciki har da na ƙungiyar Emperor ta ƙasar Norwe, kuma sana'arsa ke nan da aka san shi da ita a duniya. Har tsofaffin ma da suke karantuwa suna da asali. Gerard Huerta ya zana na ƙungiyar AC/DC a 1977, ya ɗauko siffar haruffan daga bugun Gutenberg na ƙarni na 15. Ɗigo biyun da ke kan wasalin sunan ƙungiyar Motörhead kuwa ba su canja furuci da komai ba, ado ne kawai don sunan ya yi kwarjini. Shawarar da na yanke ita ce, tambari hoto ne, ba rubutu ba. Ba na taɓa shi, ba na matse shi, ba na sake masa launi sai fari ko baƙi. A ƙarƙashinsa sai in rubuta sunan ƙungiyar da ƙananan haruffa tsirara, saboda sabon shiga.

Yanzu bari in ba ka labarin abin kunyar da na yi, kai da ka fi ni sanin maɗaba'a za ka yi dariya. Na tsara babbar hira mai shafi shida, farin rubutu a kan baƙi. A fuskar kwamfuta abin gwanin sha'awa. Don baƙin ya yi zurfi na haɗa shi da tawada huɗu: shuɗi 60, ja 40, rawaya 40, baƙi 100. Rubutun kuwa siriri ne mai ƙafafu, girman 8. Da bugun gwaji ya zo na kai shi bakin taga na duba, sai na ga kowane harafi da inuwa, gefe guda shuɗi-shuɗi, ɗaya gefen ja-ja, cikin "e" da "a" duk ya toshe. Ka san dalili: farin ba tawada ba ne, rami ne da aka bari a faranti huɗu, kuma da faranti ɗaya ya goce ko da kaurin gashi ne, sai launinsa ya leƙo cikin ramin. Ga takarda tana shan tawada tana bajewa. Na karanta sakin layi biyu idona ya fara ruwa. Na tuna da kakan nan mai tabarau, na ce shi ke nan, an yi ba a yi ba.

Na rushe shafukan gaba ɗaya. Yanzu duk dogon rubutu baƙi ne a kan takarda mai ɗan duhun fari, girman 9.5, shafi kashi uku. Baƙin fili na bar wa shafin buɗe hira da manyan hotuna, inda kalmomi ba su wuce ashirin ba kuma manya ne. Inda dole sai an yi fari a kan baƙi, kamar bayanin hoto, tawada ɗaya nake amfani da ita, da haruffa masu kauri marasa ƙafafu. Abin mamaki, da fari ya yawaita sai baƙin ya ƙara tsoratarwa. Idan ka juyo daga shafi biyu masu haske ka faɗa cikin baƙi ƙirin, kamar an ɗauke wuta ne. Makaɗan ma haka suke yi, su yi laushi na minti ɗaya kafin su sako maka aradu.

Bango ma ya koya mini hankali. Na zaɓi baƙi marar sheƙi, mai laushin taɓawa. Mutum uku suka riƙe samfurin, ya dawo da tambarin yatsunsu kaf, kuma da aka naɗe shi gadon bayan ya tsage ya fito da farin layi. Dole aka ƙara masa leda mai hana ƙarzuwa. Hotunan dandali kuma wata rigimar ce. A yawancin manyan wasanni waƙa uku na farko kawai ake barin masu hoto su ɗauka, ba tare da filasha ba, ga fitilun dandali ja wur. Jan nan da yake ƙyalli a waya, a takarda sai ya koma kamar laka. Fiye da rabinsu na mayar fari da baƙi, na bar musu dishi-dishinsu.

Ka ce a saƙonka wa zai sayi takarda a wannan zamani. Tambayar tana kan hanya. Mujallar Kerrang! ta Ingila, wadda ta fara a Yunin 1981 a matsayin ƙari ga jaridar Sounds, da Angus Young, mai jitar AC/DC, a bango, wadda sunanta ma kwaikwayon ƙarar jita ne, ta daina fitowa mako-mako a takarda a 2020. Mujallar Metal Hammer ta kusa mutuwa a Disamban 2016 da kamfanin da ke riƙe da ita ya durƙushe, ma'aikata suka rasa aiki ana dab da hutun ƙarshen shekara. Masoya ne suka yi musu karo-karo, sannan kamfanin Future ya saye ta tare da 'yan uwanta a Janairun 2017 kan fam 800,000. Amma dubi dabarar mujallar Decibel ta Philadelphia a Amurka, wadda ta fara a 2004. Tun 2011 take saƙala wani siririn faifan garmaho mai lanƙwasuwa a cikin mujallar, don masu biyan kuɗin shekara. Sun gane cewa mutumin nan mai tara kaya ne. Shi ne mai ɗinke rigar jins da bajo-bajo na ƙungiyoyi har ba a ganin yadin, shi ne mai ajiye tikitin wasan da ya kalla shekara talatin da suka wuce. Labari yana samu kyauta a waya, abin da zai jera a kan kantar littattafansa yake biya. Saboda haka na sa aka yi mana gadon baya mai faɗi maimakon maƙala da waya, na raba wani zane kashi huɗu a kansa, ta yadda sai ka jera fitowar shekara guda hoton zai cika. Fosta kuma a naɗe take daban, don kada a yaga mujallar wajen cire ta.

Sashen sharhin sababbin kundaye shi ne mafi rashin ado, kuma editar ta ce shi aka fi karantawa. Sharhi arba'in a shafi takwas, kowanne da ɗan hoton bango, sunan kamfani, da maki. Mun yi kwana biyu muna jayayya kan makin nan. Kerrang! da harafin K ta riƙa bayarwa, ɗaya zuwa biyar, Burrn! ta Japan kuwa, wadda ke fitowa tun 1984, bisa ɗari take yi. Mun tsaya a kan goma. Na kuma roƙi shafi huɗu na ƙarshe na yi su da almakashi da gam da injin hoto-kwafi, irin yadda masoya suke haɗa ƙananan mujallunsu a shekarun 1980, kamar Slayer ta Norwe da ta fara a 1985. A nan ake saka ƙungiyoyin da ba a sani ba, na wannan karon daga Botswana da Indunusiya. Su ne shafukan da na fi jin daɗin yi, yatsuna duk gam.

Na san za ka tambaya, don haka bari in riga ka. Tun farko na gaya musu akwai zanen da hannuna ba zai taɓa ba, duk wanda ya ci zarafin addini, nawa ko na wani. Ban yi zaton za su yarda ba, sai suka ce ba damuwa, ba a nan mujallarsu ta dosa ba. Kiɗan kuwa, masu gurnanin nan kamar ana yanka su har yanzu ba na iya minti biyu da su. Amma kada ka gaya wa kowa, jiya da dare na kama kaina ina gyaɗa kai da wani doom mai minti goma sha ɗaya ina daidaita layuka.

Ga abin da nake so ka taimaka mini da shi kafin ranar Litinin. Ina tsakanin takarda mai giram 100 marar sheƙi, wadda ta fi daɗin karatu amma tana shanye baƙi ya koma toka-toka, da mai giram 115 mai ɗan santsi, wadda ke riƙe hoto amma tana ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Mai ɗab'in ya ce idan na ɗauki ta farko in rage jimillar tawadar nan huɗu ƙasa da kashi 280. Kai me ka gani? Ko in haɗa biyun, hotuna a mai santsi, sharhi a ɗayar, tunda shafi 16-16 ake bugawa? Ka amsa mini da wuri don Allah, ka kuma turo adireshinka na yanzu, kwafi ɗaya naka ne ko ba za ka karanta ba.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara, ka shafa mini kan auta.

Naka har kullum,
Amininka