Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Yi Mini Tambaya A Agege

Assalamu alaikum, Malam.

A taron wayar da kai kan sikila da muka yi a Agege, ka tashi ka tambaye ni ko dabarar mayar da ƙwayar fata ta koma ƙwayar tushe, wato ƙwayar da kan iya rikiɗa ta zama wasu irin ƙwayoyin jiki, za ta goge ciwon daga jinin 'yarka. Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa nake ba ka amsa a rubuce.

Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da zaren DNA, inda aka rubuta umarnin gado, mai tsawon kusan mita 2, kuma don ya shiga cikin ɗan mitsitsin wuri, an naɗe shi a jikin wasu sunadarai da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. Inda naɗin ya yi tsauri, umarnin gado da ke wajen ba ya karantuwa. Inda ya sassauta, sai ya kama aiki. Rubutun da ke cikin ƙwayar fata da na ƙwayar jini iri ɗaya ne, naɗin ne ya bambanta su.

Abin da Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna a 2006 da ɓeraye, sannan a 2007 da ƙwayoyin mutum, shi ne sunadarai huɗu, wato Oct4 da Sox2 da Klf4 da c-Myc, suna iya kwance wannan naɗi su buɗe sassan da aka rufe tun ana cikin mahaifa, har ƙwayar fata ta koma ƙwayar tushe. Aikin ya kai shi ga kyautar Nobel a 2012. Sai dai kwancewar ba ta cika kammaluwa ba, domin binciken 2010 ya nuna sababbin ƙwayoyin kan riƙe ragowar alamun metil (ƙananan sinadarai da ke manne a jikin DNA) na inda suka fito, har waɗanda aka samo daga jini su fi saurin komawa jini.

Malam, a nan ne amsarka take, kuma na san tana da nauyi. Sikila ta samo asali ne daga harafi ɗaya da ya sauya a rubutun kansa, a kan dunƙulen DNA da ake kira kuromosom na 11, saboda haka ƙwayar 'yarka za ta koma tushe da ciwonta, sai an haɗa da gyaran rubutun. Don haka ina roƙonka kada ka ba kowa kuɗi a Legas kan alkawarin allurar ƙwayar tushe, ka ci gaba da kai ta asibiti wajen likitan jini.

Allah Ya ba ta lafiya. Wassalam.