Wasiƙa zuwa ga ƙawata kan takardar hannu da kundin hotuna

Assalamu alaikum, ƙawata ta kaina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya jikin Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi. Saƙonki ya iso, na kuma yi murna da jin katin da na aiko ya zo hannunki bai lanƙwashe ba. Kin tambayi inda na sayi takardar nan mai kaushi-kaushi da ɗigon ganye a jikinta. Ba saya na yi ba, ni na yi ta da hannuna. Tunda kuma kin ce kina son tattara hotunan yara wuri ɗaya kafin su warwatse, na ga gara in zauna in rubuto miki a tsanake, don maganar ta fi ƙarfin saƙon waya.

Ban taɓa gaya miki abin da ya sa ni cikin wannan aiki ba. Bayan rasuwar Inna, Allah ya jiƙanta, muna kwashe kayanta na ci karo da wata ambulan cike da hotuna. A ciki akwai ɗaya da har yau yake tsaya mini a rai. Mata biyar ne a tsaye, Inna ce ta biyu daga hagu, tana budurwa, tana dariya, ta dafa kafaɗar ta kusa da ita. Na juya bayan hoton, fari fat. Babu suna, babu shekara. Na kai wa Goggo, ta riƙe shi kusa da ido ta daɗe tana kallo, ta ce ta san fuskar ɗaya amma sunan ya ɓace mata. Wadda Inna ta dafa ɗin nan, da gani aminiyarta ce, amma yau babu wanda ya rage da zai ce ga sunanta. A daren nan na ƙudurta cewa hotunan da ke hannuna ba za su isa ga jikokina a haka ba.

Kundina na farko, wanda na yi shekara shida da suka wuce, shi ne ya koya mini yawancin abin da zan gaya miki, kuma da tsada ya koya mini. Da salatif na manne hotunan. Yanzu salatif ɗin ya yi ja, ya bushe ya ɓanɓare da kansa, ya bar tabon danƙo a kusurwoyin hoton sunan babbar 'yata, tabon da ba ya fita. Wasu kuma na shafa musu gam mai ruwa-ruwa, shafin ya yamutse kamar an jiƙa shi. Don Allah kada gam ko salatif ya taɓa hoton da ba ki da kwafinsa. Ki yanka 'yan ƙananan aljihuna masu kusurwa uku da takarda, ki manna su a shafin, ki zura kusurwoyin hoton a ciki. Aljihun ne ke manne, hoton yana zaune ne kawai, duk ranar da kika so ki zare shi lafiya lau.

Sai maganar takardar da za ki ɗora hoton a kai. Kin lura yadda tsohuwar jarida ke komawa ruwan ƙasa tana karyewa, alhali littattafan da aka rubuta ɗaruruwan shekaru kafin ta suna nan da ƙarfinsu? Dalilin shi ne mutanen da suna yin takarda da tsummokaran auduga da na lilin. Daga shekarun 1840 aka fara niƙa itace ana yin ta da shi, itace kuwa yana ɗauke da wani sinadari da ake kira liginin, wanda haske da iska ke sa shi canja launi, ga kuma asid da ke cin zaren takardar a hankali. Asid ɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana ratsawa zuwa duk abin da ke jingine da shi. Saboda haka in za ki sayi takardar shafuka, ki duba fakitin, ki nemi wadda aka rubuta babu asid babu liginin a cikinta. Ta ofis mai giram 80 (ma'aunin nauyin takarda ke nan) ta yi sirara, nauyin hoto zai rinjaye ta; ki nemi mai giram 200 ko sama. In kina da yankin jarida da kike son ajiyewa, ki yi hotonsa a kan takarda mai kyau ki manna kwafin, asalin kuma ki ware masa ambulan tasa.

Rasit da tikiti ma su ne masu yaudara. Yawancinsu ba tawada ce a jikinsu ba, zafi ne ke fito da rubutun. Tikitin tafiyarmu ta farko da maigida na manna a kundin nan, bai shekara biyu ba ya koma farar takarda. Ki ɗauki hotonsu tun rubutun na nan. Kada kuma ki kai su laminatin, zafin injin baƙi zai mayar da su gaba ɗaya.

To, ga takardar da kika tambaya. Sana'a ce tsohuwa ƙwarai. A shekara ta 105 miladiyya wani ma'aikacin fadar Sin mai suna Cai Lun ya gabatar wa sarki takardar da aka yi da ɓawon itace da tsumma da tsofaffin ragar kamun kifi. Daga can ta bi hanya zuwa birnin Samarƙandi da ke tsakiyar Asiya, kafin ƙarshen ƙarni na 8 ana yin ta a Bagadaza. Abin da ke burge ni shi ne, yadda suke yi ɗin nan shi ne nake yi a bahon wanki, babu abin da ya canja a asalinsa.

Ina yayyaga tsofaffin takardu ƙanana, kamar girman farce biyu, in jiƙa su su kwana. Da safe in zuba tafi ɗaya a bilenda da ruwa mai yawa in markaɗa har ya zama kamar dusa a ruwa. Ki ware bilenda ta daban don wannan. Sai in juye a baho, in ƙara ruwa, in motsa da hannu. Kayan aikin firam biyu ne na katako masu girma ɗaya: ɗaya na ɗaure masa raga mai ƙananan ido ta yi tsam, ɗayan fanko ne, ana ɗora shi a sama don ya tsayar da gefe. Ina riƙe su tare da hannu biyu, in nutsa su a karkace har ƙasan bahon, in daidaita su, in ɗago a hankali. Wannan lokacin na fi so. Ruwan na tsiyaya ta ƙasa yana ɗiga tal-tal, ina ɗan girgiza firam ɗin gaba da baya, hagu da dama, ina kallon zarurrukan suna kwanciya suna saƙa kansu, abin da ke yawo a ruwa ɗazu ya zama shimfiɗa mai sumul. In cire firam na sama, in kife ragar a kan tsumma mai ɗan danshi, in danna bayanta da soso yana tsotse ruwan, in ɗaga daga gefe ɗaya. Takardar ta zauna a kan tsumman. In ɗora wani tsumman, in yi wata, har su kai goma, sannan in danne su da katako da wani abu mai nauyi. Babu gam ko ɗigo a ciki. Zarurrukan da kansu ke kama juna yayin da ruwa ke barinsu. A inuwa nake shanyawa, rana na sa ta kanannaɗe. Ta farko za ta fito da kauri a gefe ɗaya da huda a ɗayan, kada ki karaya, hannu ne ke koyon nauyin ruwan, kuma sannu ba ta hana zuwa.

Ganyen da kika gani busassun furanni ne da na matse a cikin littafi mako biyu, na barbaɗa a bahon kafin in nutsa firam. In kina son yin rubutu a kanta da tawada, sai kin dama ɗan sitaci kin zuba a ruwan, in ba haka ba tawadar za ta bazu kamar a kan tsumma. Sai dai zan gaya miki gaskiya: duk son da nake mata, ba na ɗora tsohon hoto a kanta kai tsaye, don ban da tabbacin abin da ke cikin takardun da na markaɗa. Bango nake yi da ita, da katuna, da 'yan ambulan na cikin kundi.

Wajen haɗa kundin, abu ɗaya ne mutane ba su sani ba: takardar inji tana da hanya, kamar yadda yadi yake da tsaye da kwance. Ki ɗan lanƙwasa ta ta nan, ki lanƙwasa ta can, ɓangaren da ya fi biyayya shi ne hanyarta. Ki ninke a kansa, ki kuma sa hanyar ta bi tsawon ƙashin bayan kundin, shafukan za su kwanta luf. Kafin ki ninke mai kauri, ki ja layi da bayan wuƙa a jikin rula, ba za ta tsage ba. Ɗinkin mai sauƙi ne, huda uku a kan ninkin da basilla, zare ya shiga ta tsakiya, ya fita ta sama, ya tsallaka zuwa ƙasa, ya dawo tsakiya ki ƙulle. Ki riƙa sa siririn kwali tsakanin shafuka a wajen ɗinkin, don in hotuna suka cika kundin kada bakinsa ya wage ya ƙi rufuwa.

Kayan ado kuwa ba su ƙarewa. Akwai salatif ɗin takarda na Japan mai launi-launi da ake kira washi, yana da kyau a gefen shafi, ina amfani da shi jefi-jefi. Amma na ga kundayen da ado ya cinye hoton, sai kin laluba kafin ki ga fuskar yaron a cikin furanni da kyalkyali. Ni launi biyu nake zaɓa wa shafi, in bar sauran fili. Yara kuma ina ba su ragowar yanke-yanken su ninka tsuntsaye da jirage, su ma a ba su shafinsu.

Filin da na ce ki bari, na rubutu ne, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro yau. Ƙarƙashin kowane hoto ki rubuta cikakken suna, ba "Baba" ko "Anti" kawai ba, domin Babanki kakan wani ne da ba a haifa ba tukuna. Ki sa shekara da wurin. Sannan ki ƙara layi ɗaya ko biyu na abin da hoton bai nuna ba: wa ya ɗauka, me ya ba su dariya, wa ya yi kuka kafin a danna. Ki rubuta da hannunki ko da kina ganin rubutunki bai da kyau. Abin da zan bayar in sami layi ɗaya na rubutun Inna a bayan hoton nan, Allah kaɗai ya sani. A bayan hoto fensir mai laushi za ki yi amfani da shi, a gefe-gefe, ba tare da dannawa ba, don biro na huda shati har ta gaba, tawadarsa kuma na iya shafar hoton da ke ƙasa. In kin gama, ki ajiye kundin inda babu danshi babu hasken rana, nesa da bango mai jiƙa, ki riƙa buɗe shi lokaci-lokaci yana shan iska.

Yanzu ga roƙona. Na kai shafin shekarar mu ta ƙarshe a makaranta, na tsaya. Hoton da muka yi mu bakwai a ƙarƙashin bishiya yana wurinki, nawa ya ɓata wajen ƙaura. Ki yi mini kwafinsa. Na tuna sunan biyar, amma biyun da ke durƙushe a gaba sun kuɓuce mini, musamman doguwar nan mai yawan dariya da ke aro mana almakashi. Ki rubuto sunayensu da fensir a baya, da shekarar, in kin tuna har da wanda ya ɗauke mu. Na riga na manna aljihunan huɗu a shafin, suna jira. Na kuma sa miki takardu shida cikin wannan ambulan, biyu masu sitaci ne, na yi musu alama a kusurwa, ki gwada tawada a kansu ki gaya mini.

Ki gaida Mama da jiki, ki gaida maigida, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Ƙawarki