Abin da ke rufe jinin jarirai a jikin mai sikila

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Iyaye kan yi tambaya: me ya sa jaririn da ya gaji sikila yakan zauna lafiya lau har wajen wata shida, sannan hannu da ƙafa su fara kumbura? Dalilin shi ne ana haihuwarsa da hemogulobin na jarirai (hemogulobin shi ne furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini), wanda likitoci ke kira HbF, shi kuwa yana hana jajayen ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje. Bayan haihuwa sai jiki ya rufe ƙwayoyin gadon da ke yin sa, wato HBG1 da HBG2 da ke kan kuromosom na 11 (kuromosom ƙunshi ne na DNA, zaren da aka rubuta bayanan gado a kansa).

Cikin masu wannan rufewa akwai ƙwayar gado EHMT2, wadda ake kuma kira G9a, a kan kuromosom na 6. Ga yadda take yin rufewar: DNA ɗin ƙwayar halitta ɗaya ta jikin mutum ya kai kusan mita 2, an naɗe shi jikin furotin da ake kira histon kamar zare a mazari: histon 8 a dunƙule, haruffan DNA 147 a zagaye da su. Furotin ɗin G9a yana ɗauko wata 'yar alamar sinadari mai suna methyl daga sinadarin SAM da ke cikin ƙwayar halitta, ya liƙa guda biyu a wani gurbi da ake kira lysine ta 9 a jikin H3, ɗaya daga cikin histon ɗin. Da ganin wannan alama, wasu furotin sai su ƙara ɗaure naɗin. Haruffan gadon suna nan daram, karanta su ne aka hana.

A 2015 masu bincike sun nuna cewa in aka toshe G9a da sinadarin UNC0638 a ƙwayoyin jinin manya da aka raina a ɗakin gwaji, HbF yana ƙaruwa. Sai dai fa a ɗakin gwaji ne. G9a ba nan kaɗai yake aiki ba: ɓerayen da aka cire musu shi tun a ciki suke mutuwa. Abokin aikinsa EHMT1 kuwa, rasa kwafi ɗaya kacal yana jawo cutar Kleefstra, mai kawo jinkirin magana da sanyin tsoka. Don haka duk wanda ya ce yana sayar da maganin toshe G9a yau, a guje shi.

Wani magani da aka tabbatar yana ɗaga HbF shi ne hydroxyurea. Likita kan fara da miligiram 15 zuwa 20 a kowane kilo na nauyin jiki kullum, ana auna jini a kai a kai, domin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini.

Wassalam,
Wasu masu nazarin ƙwayoyin gado, Kano